Me ke ƙirga wa tsutsa saɓarta har ta tsaya a ta huɗu?

Hauwa'u:
Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Ina shirya gabatarwa a kan C. elegans, 'yar ƙaramar tsutsar nan da masana ke kiwo a ɗakin bincike, kuma akwai inda na maƙale. Ko'ina an rubuta cewa daga ƙyanƙyashewa zuwa balaga tana saɓa sau 4, sannan ta daina har ta mutu. To me ke gaya mata lokacin saɓa ya yi? Kuma me ke gaya mata ta huɗun ita ce ta ƙarshe? An ce mini amsar tana cikin aikin da ya sa aka ba Victor Ambros da Gary Ruvkun kyautar Nobel a 2024. Na karanta, amma ni microRNA kawai na gani, ban ga maganar saɓa ba.

Abu Maryam:
Wa alaikumus salam. Wanda ya gaya miki haka gaskiya ya faɗa, ƙanwata. Tun 1981 aka bayyana wata tsutsar C. elegans da ƙwayar gadonta mai suna lin-4 ta lalace. Tana ci tana tsawo, amma ƙwayoyin sel na fatarta sai maimaita aikin matakin farko suke yi, wato L1, ba sa wucewa gaba. Ba ta samun ƙofar da za ta fitar da ƙwai, kuma tana ƙara saɓa bayan ta huɗu. A 1984 Ambros da Robert Horvitz a MIT ta Amurka suka nuna kishiyar haka: idan lin-14 ce ta lalace, tsutsar tsallake aikin L1 take yi, fatarta ta zama ta manya tun a saɓa ta uku. Sai a 1993 aka gano dalili. Ɗakin binciken Ambros ya gano lin-4 ba ta yin furotin sam, ɗan guntun RNA take yi mai haruffa wajen 22, irin wanda yanzu ake kira microRNA. Ɗakin Ruvkun kuma ya nuna cewa a wutsiyar saƙon lin-14, wato RNA ɗin da sel ke karantawa ya yi furotin, akwai wurare 7 da wannan guntun ke mannewa, ya hana a yi furotin LIN-14. Da LIN-14 ta ragu, sai jiki ya wuce zuwa mataki na biyu, wato L2. Wannan shi ne agogon da kike nema.

Dakta Larai:
Malam Abu Maryam, tarihin da ka kawo daidai ne, amma ban yarda da jimlarka ta ƙarshe ba. Hauwa'u tambaya biyu ta yi, kai ɗaya ka amsa. Ka duba tsutsar da ka fara ambata. lin-4 ta lalace, amma saɓa ba ta tsaya ba. Tana saɓa, ta huta, ta sake saɓa, zagaye na bin zagaye. Da lin-4 ce ke kaɗa lokacin saɓa, da lalacewarta ta tsayar da zagayen. Abin da ya ɓace mata shi ne sanin ko a mataki na nawa take.

Agogo daban, carbi daban. Hannun agogo zagayawa yake yi ya dawo inda ya taso, bai san sau nawa ya zagaya ba. Carbi kuwa ba ruwansa da lokaci, ja kake yi ɗaya bayan ɗaya har ka kai ƙarshe. Ƙwayoyin gadon lin-4 da lin-14 da lin-28 da let-7 su ne carbin. Agogon wani abu ne dabam.

Abu Maryam:
To Dakta, ina agogon yake? Don a ƙwari mun sani. Sinadarin ecdysone ke hauhawa ya sauka, kowane hawa saɓa guda. Tsutsar nan kuma tun 1997 aka sa ta rukuni ɗaya da ƙwari, rukunin masu saɓa.

Dakta Larai:
Nan ne abin ya yi daɗi. C. elegans ba ta da ƙwayar gadon da ke yin makarɓin ecdysone irin na ƙwari, wato furotin da ke karɓar sinadarin a cikin sel. An karanta jerin gadonta kaf tun 1998, ba a same shi ba. Abin da aka gani shi ne dubban ƙwayoyin gado suna kunnawa suna mutuwa tare da kowane mataki. Ɗakin binciken Helge Grosshans a birnin Basel na Suwizalan ya auna wannan a 2014, ya samu wajen 2,700 suna hawa da sauka kusan duk awa 8 idan zafin wuri digiri 25 ne. Da suka sake aunawa da kyau a 2020 adadin ya kai wajen 3,700, a cikin kimanin 20,000 da tsutsar ke da su. Kuma ba tare suke tashi ba, kowace da nata lokacin a cikin zagayen: masu yin furotin kolajin na sabuwar fata, masu yin sinadaran da ke narkar da maɗaurin tsohuwar, kowa da sahunsa.

A tsakiyar wannan zagaye akwai NHR-23, furotin mai kunna wasu ƙwayoyin gado. Idan aka rage ta, tsutsa ba ta iya kammala saɓa. Akwai kuma irinta su NHR-25 da GRH-1 da BLMP-1. Sai lin-42, wadda nake so Hauwa'u ta ja wa layi. A 1999 ɗakin Ann Rougvie a Minnesota ya nuna lin-42 'yar'uwar period ce, ƙwayar gadon da ke cikin agogon dare da rana na ƙuda da na mutum. A tsutsar ba ta bin awa 24, zagayen saɓa take bi. A 2011 ɗakin Alison Frand ya nuna idan an cire ta, lokacin saɓa rikicewa yake yi, tsutsotsin da aka ƙyanƙyashe tare kowace ta saɓa a nata lokacin, wasu su daɗe a kwance ba su fita daga fatar ba.

Hauwa'u:
Malama, na gode ƙwarai. Amma don Allah ita saɓar kanta yaya take? Kamar ta maciji ce?

Malam Tukur:
Bari in amsa wannan, 'yata, don na zauna a kan madubin ƙara girman abu ina kallo lokacin da nake karatu a waje. Tsutsar tsawonta milimita 1 ne idan ta girma, jikinta garau, kana ganin komai na ciki. A maƙogwaronta akwai wani famfo da ke bugawa ba tsayawa, da shi take zuƙar bakteriyar da take ci. Alamar farko ita ce bugun ya ragu, sannan ya tsaya cik. Baki ya toshe. Ta miƙe ta kwanta kamar matacciya, sai ɗan motsi jefi-jefi. Wannan kwanciya takan kai awa 2 ko kusa da haka, kuma a 2008 David Raizen da abokan aikinsa sun nuna tana da siffofin barci: tsutsar ba ta saurin amsa taɓawa, idan kuma ka hana ta, sai ta koma ta fi nutsewa. A cikin wannan lokacin tsohuwar fata ke rabuwa da naman da ke ƙarƙashinta, sabuwa na ginuwa a ƙasa. Kana iya ganin ɗan fili ya buɗe a kan hanci, tsakanin tsohuwar fata da kan tsutsar. Can sai ta fara murɗawa tana juyi a kan tsawonta, ta ja kai baya ta tura gaba, ta tofar da rufin cikin maƙogwaro, fatar ta tsage ta wajen kai, ta sulale ta fita. Fitar 'yan mintuna ce. Nan take famfon ya koma bugawa.

Wadda ta kasa kuwa abin tausayi ce. Na ga mai jan tsohuwar fata a wutsiya, na ga wadda fatar ta shaƙe ta a tsakiya kamar an ɗaura mata zare, na ga wadda ta mutu a ciki baki a rufe. Frand da Ruvkun a 2005 sun bi ƙwayoyin gado suna kashewa ɗaya bayan ɗaya, suka samu sama da 150 waɗanda rashinsu ke jawo haka.

Bambancinta da maciji: shi yana saɓa muddin yana raye. Ita sau 4 ne, duk da cewa bayan ta ƙarshen tana ci gaba da ƙara girma. Fatar kuma yawancinta kolajin ce, ba irin ɓawon fara ko kyankyaso ba, shi ya sa take iya miƙewa tsakanin saɓa da saɓa.

Abu Maryam:
Malam Tukur Allah ya ƙara ilimi. Dakta, na ji bayaninki, amma raba su gida biyu da kika yi ya yi tsauri. lin-42 da kika sa a ɓangaren agogo, ai da farko a matsayin ƙwayar ƙirga mataki aka gano ta. Idan ta lalace fata na balaga da wuri, kamar yadda ake gani a lin-14 da lin-28. Ta ina za ki yanka? Kuma a je ga tambayar yarinyar ta biyu. Wa ke tsayar da saɓa? let-7 ce, wadda ɗakin Ruvkun ya bayyana a 2000. Tana tashi a ƙarshen ƙuruciya, ta danne lin-41. lin-41 kuwa ita ke danne lin-29. Da an ɗaga mata ƙafa sai LIN-29 ta fito ta ba da umarnin balaga: ƙwayoyin sel na gefen jiki, 16 a kowane gefe, su daina rabuwa su haɗe, fata ta fito da layukan da ake gani a jikin baligar tsutsa, saɓa ta ƙare. Cire lin-29, ki ga tsutsa da ƙwai a ciki tana saɓa ta biyar. Ashe mai ƙirgan shi ke riƙe da makunnin agogon.

Dakta Larai:
Yana riƙe da makashinsa, wannan na yarda. Ban ce ba sa taɓa juna ba, dole su taɓa, in ba haka ba sel zai rabu a lokacin da fata ba ta shirya ba. Abin da nake ƙi shi ne a ce abu ɗaya ne. Kuma misalinka ni yake goya wa baya: an cire LIN-29, agogo ya ci gaba da zagayawa. Kenan ba ita ke juya shi ba.

Yadda suke haɗuwa shi ne abin da ake ta tonowa a 'yan shekarun nan. Su lin-4 da let-7 ba a kunna su sau ɗaya a bar su. Ana rubuta su ne kashi-kashi, bugu ɗaya a kowane mataki. Ɗakin Christopher Hammell a Cold Spring Harbor ya nuna a 2023 cewa NHR-23 da NHR-85 ke haɗuwa na ɗan lokaci su kunna lin-4, LIN-42 kuma ta taƙaita tsawon bugun. Shi ya sa idan babu LIN-42 microRNA ke yin yawa, ƙirga ya yi gaggawa. Amsar tambayarka kan lin-42 kenan: tana cikin agogon, amma ita ke auna yawan abin da agogon ke zuba wa mai ƙirga a kowane zagaye. Ta ɗaya ɓangaren kuma, wani aiki na 2022 daga ɗakin Frand da abokan aikinta ya nuna NHR-23 na kunna let-7, let-7 kuma ta dawo ta manne a wutsiyar saƙon nhr-23 ta rage shi. Idan let-7 ta taru sosai, hawan NHR-23 ba ya kai wa inda zai tayar da wata saɓar.

Abu Maryam:
Ni fa wannan bayanin naki inji ɗaya nake gani a ciki. Idan wannan na kunna wancan, wancan na kashe wannan, ina iyakar?

Dakta Larai:
Iyakar tana wurin gwaji. Kana iya lalata ƙirga, zagaye ya ci gaba da tafiya. Muddin ana iya haka, ɗalibi na buƙatar suna biyu don ya fahimta.

Malam Isiyaku:
Ku yi haƙuri in shigo da wata magana. Ina bin ku tun ɗazu, kuma ilimi ne mai kyau. Amma tsutsar da ke cikin ruɓaɓɓen 'ya'yan itace, ba ta cizo ba ta sa cuta, me ya sa ɗalibarmu za ta ɓata lokacinta a kanta alhali tundurmi na nan, tsutsar ciki na cinye yara?

Likitan Dabbobi:
Malam Isiyaku, ai gida ɗaya suke. Duk tsutsotsin wannan dangi, wato nematode masu jiki kamar zare, saɓa 4 suke yi, kuma cutar da suke sawa a kan saɓar ta rataya. Ka ɗauki Haemonchus, jar tsutsar da ke shan jini a cikin tumaki da awaki, wadda da damina za ka buɗe fatar idon akuya ka gan ta fari fat, haɓa ta kumbura da ruwa. A cikin kashi take saɓar farko. A ta biyu ba ta yar da fatar, tana zama a cikinta ta hau ciyawa ta jira. Ba ta ci, ba ta girma. Sai dabba ta haɗiye ta, yanayin cikin tumbi, musamman iskar kabon dayoksaid da ke ciki, ya sa ta tuɓe rigar ta ci gaba. Wani abu ya tsayar da agogon a kan ciyawa, wani ya tayar da shi a tumbi. Wanda ya san makunnin nan ya san inda zai kai hari. Kuma muna buƙatar sabon wurin hari, don magungunan tsutsa da muke da su tsutsar na ƙara jure musu a ƙasashe da yawa.

Dakta Larai:
Kuma wannan tsayawar a C. elegans aka fara fahimtar ta. Idan abinci ya yi ƙaranci, ko cunkoso ya yi yawa, ko zafi ya tashi, ba ta shiga mataki na uku, wato L3, na yau da kullum. Tana shiga wani mataki da ake kira dauer: siririya, baki a rufe, fata mai tauri, ta yi watanni a haka, ita da duk rayuwarta ba ta wuce mako 2 zuwa 3. Da abinci ya dawo sai ta ci gaba daga inda ta tsaya, ƙirga bai ɓace ba. Mai yanke hukuncin shi ne DAF-12, makarɓin wani sinadari da tsutsar ke yi daga kolestarol, wanda aka gano a 2006. Idan sinadarin na nan, a wuce gaba. Idan babu, a tsaya. DAF-12 ɗin kuma tana sarrafa 'yan'uwan let-7. A 2009 aka nuna tsutsotsi masu sa cuta kamar Strongyloides suna da DAF-12, kuma sinadarin na tasiri a kan matakin da suke kama mutum da shi.

Ɗan Maraɗi:
Sannunku da aiki. Mu nan Nijar maganar ba ta nesa ba ce. A watan Janairun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijar ce ƙasa ta farko a Afirka da ta kawar da yaɗuwar makantar kogi. Tsutsar da ke kawo ta, Onchocerca, sai ta saɓa sau 2 a cikin baƙin ƙuda kafin ta iya kama mutum, sauran 2 a jikin mutum. Kurkunu ma haka, sau 2 a cikin ƙananan ƙwarin ruwan tafki. Nijar da Najeriya sun samu shaidar rabuwa da kurkunu a 2013, amma a Chadi har yanzu ana samun sa, har a jikin karnuka.

Malam Isiyaku:
Yauwa, ka kawo mini hujja da kanka. Da me aka kori kurkunu? Da tace ruwa da ƙyalle, da rijiyoyin burtsatse, da hana mai ciwo shiga tafki. Makantar kogi kuma da feshin ƙuda da rabon ivermectin. Ba lin-4 a ciki, ba NHR-23. Ku nuna mini magani ɗaya a kanti da aka yi don toshe saɓa.

Likitan Dabbobi:
Ba zan ce maka ga shi a kanti ba. Amma ka duba gibin da ke akwai. Ivermectin 'ya'yan tsutsar yake kashewa, manyan na zaune a ƙulluwar fata suna rayuwa shekara 10 zuwa sama, shi ya sa ake rabon maganin shekara da shekaru. Doxycycline na taɓa manyan, ta hanyar kashe bakteriyar Wolbachia da ke zaune a jikinsu, kuma an ga rashin Wolbachia na hana ƙananan girma da saɓa yadda ya kamata. Sai dai makonni ake sha, kuma ba a ba mai ciki da ƙananan yara. Saɓa abu ne da tsutsa ke yi mutum ba ya yi, don haka wuri ne mai kyau na nema.

Dakta Larai:
Da sharaɗi ɗaya, likita. Saɓar ce mutum ba ya yi, amma ƙwayoyin gadon da ke tafiyar da ita muna da 'yan'uwansu. NHR-23 danginta a jikinmu furotin da ake kira ROR ne. Maganin da zai toshe ta dole a tabbatar bai taɓa namu ba. Kuma tsutsotsin ba duka ɗaya ba ne: irin su Brugia masu kawo tundurmi a Asiya an same su da makarɓin ecdysone, wanda C. elegans ba ta da shi. Don haka ba duk abin da aka gani a faranti ake ɗauka kai tsaye a kai asibiti ba.

Malam Isiyaku, ni ba da alƙawarin magani nake kare wannan aikin ba. Lokacin da aka buga aikin lin-4 a 1993, yawancin masana sun ɗauke shi wani abin mamaki ne na tsutsa kawai. Shekara 7 aka yi a haka. Sai a 2000 Amy Pasquinelli da Ruvkun suka nuna let-7 na cikin ƙuda da kifi da mutum. Yau an san mutum na da microRNA sama da 1,000. A 2009 binciken gadon dubban mata ya nuna bambanci a yankin ƙwayar gadon LIN28B na da alaƙa da shekarun da yarinya ke fara al'ada. Wato lin-28 da ke hana tsutsa balaga da wuri, 'yar'uwarta na da hannu a lokacin balagar ɗan Adam. Mutanen da suka zauna suna ƙirga rabuwar sel a gefen tsutsa ba wannan suka fita nema ba.

Malam Isiyaku:
Wannan na LIN28B ya shige ni. Amma ina nan kan cewa idan ɗalibanmu za su koyi wannan, su koya da niyyar juyowa kan tsutsotsin da ke damun mu.

Manomin Kadawa:
Ku sa da na tumatir a lissafi. Idan ka tuge shukar da ta ƙi girma ka ga saiwar duk ƙulli-ƙulli, malaman gona sun ce tsutsa ce. Ita ma wannan dangin ce?

Likitan Dabbobi:
Ita ce, Alhaji, sunanta Meloidogyne. Saɓarta ta farko tun tana cikin ƙwai take yi, ta fito ta shiga saiwa, sauran 3 a ciki.

Hauwa'u:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Ga yadda zan tsara: kashi na farko zagayen saɓa da NHR-23 da lin-42, na biyu ƙirga mataki daga lin-4 zuwa lin-29, na uku inda suke haɗuwa, in kuma faɗi cewa akwai masu ganin inji ɗaya ne. Tambaya ta ƙarshe, Malam Tukur: za a iya kiwon ta a ɗakin bincikenmu in nuna wa 'yan ajinmu saɓar da idonsu?

Malam Tukur:
Za a iya. Abincinta bakteriyar E. coli ce, nau'in OP50, a kan farantin agar, wato daskararren haɗin da ake kiwon bakteriya a kai, kuma kada a manta da kolestarol a cikin haɗin, don ba ta iya yin nata, rashinsa kuma na hana ta saɓa daidai. Cibiyar da ke raba nau'o'inta tana Jami'ar Minnesota, malaminku ne zai nema da sunan ɗakin bincike. Babbar matsalarki zafi ne. Tsakanin digiri 15 da 25 take so, idan ya wuce haka sosai haihuwarta na lalacewa, don haka sai da akwatin sanyaya mai wuta tsayayya. Ki lura kuma agogon nan yana bin zafi, ba kamar na dare da rana ba: a 25 tana balaga cikin ƙasa da kwana 3, a 15 sai lokacin ya kai wajen ninki biyu. Idan kina so su saɓa tare, ki bar ƙwai su ƙyanƙyashe a ruwan gishiri marar abinci su kwana. Duk za su tsaya a farkon L1, lin-4 ba za ta tashi ba sai sun ci. Ki zuba su a abinci da sassafe ki rubuta lokacin, ki sa a digiri 20, ki fara duba famfon maƙogwaronsu daga awa 12 zuwa sama.